Karatun Mai Lofe

Tun da aka taso mu daga ƙauye muka tare a bayan birnin Katsina, kunnena bai sake jin daka irin ta gida ba. Nan komai inji ake kai wa, ya yi ta kururuwa ya amayo gari mai zafi, tuwonsa ko ɗanɗano babu. Amma wani hantsin, in wata maƙwabciya ta jawo ɗan turminta tana dakan yaji, sai in tsinci bakina yana motsi shi kaɗai, yana bin taɓaryar: torno, torni, torna. Jikokina su kalli juna, ƙaramar cikinsu ta ce Kaka ta fara hira da mutanen ɓoye. Sun ɗauka ruɗewar tsufa ce. To ba ita ba ce. Kaina garas yake, kuma tun ina yarinya abin da ya shige shi bai taɓa fita ba. Ban zauna ajin kowa ba, amma a ƙauyenmu in ana son a tuna wa ya haifi wa, ko wace kaka ce fara ta cinye gero, wurina ake aikowa. Wannan abin da nake faɗi bakin wasu mutane ne na bayan teku, kuma akwai wanda ya bar mani shi.

Ƙauyen namu yana gaba da Yasore kaɗan, in ka nufi daji. Zamanin da nake magana ina da goyon fari, a gidan malamai aka kai ni aure. Surukina kowa Malam yake ce mashi, shi ne liman, shi ne mai raba gardama. Da asuba muryarsa kaɗai ke tashin gari, babu lasifika, kuma har rugagen Fulani ana jinta. Daga nan sai turame su amsa. Gida ya ɗauka, gida ya karɓa, har ka iya gane matar da ta yi fushi da wadda aka yi wa sabon zane daga yadda taɓaryarta ke sauka. Shanu su wuce ta bayan danga, ƙurarsu da warin kashinsu su shigo har ɗaki. Muna kwana ƙofa a buɗe saboda zafi. Mace ta tafi itace har bakin daji ita da 'yar waƙarta, abin tsoronta bai wuce maciji ba. Hanyarmu ta jakuna ce, in damina ta yi ƙarfi rafin da ke tsakaninmu da Batsari ya cika, sai mu zama kamar Allah bai halicci kowa ba sai mu.

Bayan an gama yaƙin basasa, da aka ce gwamnati ta samu arzikin mai, sai ga motoci masu haƙora sun ɓullo ta wajen Safana suna ture itatuwa. Aka ce Turawa ne za su yi hanya, amma ba irin Turawan da iyayenmu suka sani ba, waɗannan mutanen Italiya ne. Su ba sa tsayawa a inuwa suna nuni da sanda. Tuɓe riga suke yi su shiga laka, suna faɗa da juna da hannuwa kamar za a yi dambe, an jima ka ji suna waƙa. Ni ban gan su ba sai ta kafar danga, surukar Malam ba ta fita. Labarinsu maigidana ke kawo mani, don ya shiga aikin, yana cikin masu ɗora dutse.

Baturen da maigidana ke aiki a ƙarƙashinsa wani dattijo ne gajere, magini, mai yin kwalbati inda ruwa ke yanke hanya. Lofen taba ba ya barin bakinsa ko da wuta ko babu, shi ya sa aka sa mashi Mai Lofe, sunansa na yanka kuwa ba wanda ya iya riƙewa. Ya tsinci Hausa a bakin leburori, irin wadda ake dariya: kowa kai ne a wurinsa, har tsohuwar da ke kai masu fura, kuma an ce in jaki ya wuce da kaya sai ya ce mashi sannu da aiki. Ya ga maigidana na da ido wajen zaɓen dutse, sai ya riƙe shi, ya ce in aikin nan ya ƙare zai tafi da shi gaba, amma sai ya koyi bakinsu. Koyarwar tasa kuma ba a ce wannan ruwa ne, wannan wuta ce ba. Kalma guda zai ɗauka ya yi ta juya ta kamar waina a tanda: ni, kai, shi, mu, ku, su. In an gama layin yanzu a shiga na da, a shiga na gobe, a shiga na ba da umarni. Ya ce wanda bai iya juya kalma ba bai iya magana ba, sunayen kaya kawai ya sani.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, hannunsa ya fi kansa sauri. In ya dawo bayan la'asar ya yi wanka, sai ya zauna a gindin rumbu yana bita, ni kuma ina sussuka ko ina dakan tuwon dare. Manjo, manji, manja, ina ci, kana ci, yana ci. Bebo, bebi, bebe, wannan na sha ne. Wanda ya fi maimaitawa shi ne na komawa, torno ɗin nan, don shi Mai Lofe ya fi so, kullum da shi yake buɗe karatu. Abin yana da kiɗa, ya yi daidai da saukar taɓarya, ban san sa'ad da ya zauna mani ba. Wata rana ya kai tsakiyar layin gobe, tornero, tornerai, tornera, sai ya cije. Ya koma baya, ya sake cijewa a wurin. Ni ko ban ɗago kai ba na ce torneremo, na ci gaba da dakata.

Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ke wa ya aike ki?"

Na ce, "Turmi ne ya faɗa, ba ni ba."

Ya ce to turmin ya iya bakinsa, kada uwarsa Inna ta ji. Amma daga ranar in ya maƙale sai ya yi gyaran murya, ni kuma in jefo mashi kalmar tsakanin bugu biyu, kamar ba da shi nake ba. A tsakaninmu abin ya zama wasa, irin wanda mata da miji ke samu a gidan da idon surukai ya yi yawa.

Da ruwa ya sauka sosai, kamfani ya kwashe motocinsa da mutanensa ya koma Katsina, aka ce sai kaka. Mai Lofe ya ƙi bin su. Akwai kwalbatin da bai rufe ba, ya ce in ya bar shi ruwa zai cinye aikin. Aka bar shi da buhunan siminti da alkawarin mota za ta riƙa kawo mashi abinci. Leburori duk suka koma gona, maigidana kaɗai ke leƙa shi. Kwalbati ya kammalu, amma zazzaɓi ya kama tsohon, idanunsa suka yi ɗorawa, shawara ta bayyana. Mota ba ta zo ba. Maigidana ya ɗaura wandonsa a ka ya haye rafi zuwa Batsari don a aika wa mutanen kamfani. Yana hayewa sama ta buɗe, aka yi ruwan da ya kwana ya wuni, rafi ya kawo har ya shafe gonakin bakin gaɓa. Mai hayewa ya haye ke nan, ba dawowa sai ruwa ya janye.

Malam ya ce ba za a bar mutum shi kaɗai cikin rumfar kwano yana mutuwa ba alhali ga gari. Maƙwabta suka ɗauko shi a kan ƙyaure suka shimfiɗe shi a zaurenmu. Tsakanina da zauren bango ne kawai da zanar da ke tare ƙofar cikin gida, don haka duk abin da ake yi ina ji. Zazzaɓin ya share mashi Hausar nan tasa tas, har ɗan Turancin da yake yi da direbobi. Bakinsu kaɗai ya rage, yana ta zuba shi, wani lokaci kamar yana kiran wani, wani lokaci kamar yana roƙo. Aka dama kunu, aka jiƙa saiwar rawaya ta maganin shawara, ya ƙi. Duk wanda ya matso da ƙwarya sai ya ture ta, ya manne da bango yana kallonsu kamar bai taɓa ganin baƙin mutum ba. Mutanen da ya yi wata da watanni yana yi wa sannu da aiki, ya rasa gane ko ɗaya. Leɓɓansa suka tsage. Ina jin muryarsa tana ƙanƙancewa, taɓarya ta yi mani nauyi.

Washegari bayan azahar Inna, uwar maigidana, ta shigo fuska a ɗaure ta ce Malam na kirana. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ce daga nesa a durƙushe. Na ja mayafi na je na tsuguna a bakin turakarsa. Ashe duk wasan nan da muke yi a gindin rumbu yana ji. Ya ce yana so in zauna a bayan zana in yi wa baƙon nan magana da bakinsu, ko Allah zai sa ya sha ruwa.

Inna ba ta bari na amsa ba. Ta ce ita ba za ta zuba ido ba. Wa ya san abin da ke cikin karatun nan? Abu ana rera shi layi-layi kamar wuridi, ai addu'ar cocinsu ce ya lulluɓe ya ba yaro. In kalmar kafirci ce ta fita bakin yarinya, aure ya warware ba tare da kowa ya sani ba, ga goyo a bayanta. Kuma ko ba haka ba, gobe a bakin rijiya za a ce surukar liman ta zauna tana yi wa namiji baƙo waƙa, mijinta ba ya gari. Ba don ƙiyayya ta faɗa ba, tsoro ne, kuma tsoron ya kama ni ni ma. Gaskiya ne akwai layukan da na haddace ban san fassararsu ba. Na ji kamar a ce ƙasa ta tsage in shige.

Malam ya ce, "Faɗi in ji, 'yata. Daga farko."

Na faɗa. Torno, torni, torna, torniyamo, tornate, tornano. Ya ce me ke nan. Na ce ina komawa, kana komawa, yana komawa, haka har su. Ya ce in ƙara. Na kawo na da, tornabo, tornabi, tornaba, na kawo na gobe. Ina kallon ƙasa, amma ina ganin yatsansa yana bugun buzu a hankali, yana bin layin. Da na tsaya sai na ji abin da ban taɓa ji ba a gidan, Malam ya yi 'yar dariya. Ya rera wani abu ƙasa-ƙasa da Larabci, raja'a, raja'a, raja'u, da irin kiɗan nawa sak.

Ya ce wa Inna, "Wannan ba addu'a ba ce, sarfu ne. Juyin kalma. Mu ma da shi muka fara a Zariya, da bulala ma. Ashe su ma haka suke wahala."

Inna ta ce to bakin mutane fa. Ya ce bakin mutane a bar mashi, shi zai zauna a zauren, ita kuma ta zauna kusa da ni. Sannan ya ce da ni ba dole, in ban iya ba ba laifi. Na tashi na gyara goyona na nufi zana.

Ana yayyafi a lokacin, irin na bayan la'asar mai sa gari ya yi duhu-duhu. Na zauna na jingina da bango, Inna a gefena tana jan carbi da ƙarfi. Ta tsakanin karan zana ina hango ƙafafunsa kawai, farare fat, sun kumbura. Ban san yadda ake ce wa mutum sannu da bakinsu ba, ban san yadda ake tambayarsa ina ke ciwo ba. Abin da nake da shi ke nan, layuka. Sai na fara kamar ina daka. Torno, torni, torna.

Surutun da yake yi ya tsaya cak. Na ci gaba. Da na kai torniyamo sai na ji wata murya kamar ana jan busasshen kara a ƙasa ta ɗauka tare da ni, tornate, tornano. Na shiga layin da, ya biyo ni. Na ce tornabo, ya tsayar da ni, ya sake faɗin kalmar yana cije leɓe a tsakiyarta, irin sautin nan nasu da bakinmu ba ya yi. Mutum yana bakin kabari yana gyara mani karatu. Na gwada, ban iya ba, na ji ya yi wani abu mai kama da dariya. Daga nan na juya zuwa layin sha, na ɗauko na umarni, na ce bebi. Malam ya matsa da ƙwarya. Na sake cewa bebi. Muka ji maƙogwaronsa yana karɓar ruwa, gut, gut. Carbin Inna ya tsaya a hannunta.

Ya sha, ya kuma sha kunu kaɗan. Ya yi ta magana da ni ta cikin zana, doguwar magana a natse, irin wadda ake yi wa na gida. Ban san wa ya ɗauke ni ba, ko 'yarsa, ko matarsa, ko uwarsa. In ya yi shiru yana jiran amsa sai in ba shi layi, shi kuma ya karɓa kamar amsar ce. Can gab da magariba ya fara wani layi da ban taɓa ji a bakin maigidana ba. Tornerei, torneresti, tornerebbe. Ya faɗa ya tsaya, na gane so yake in maimaita. Na maimaita. Ya ƙarasa mani shi har ƙarshe, ya sa na sake, sai da ya ji ya zauna. Malam ya tashi ya yi kiran salla a ƙofar zaure. Kafin a idar, tsohon ya cika.

Ba a yi mashi salla ba, ba a kai shi maƙabartarmu ba, kowa da addininsa. Amma Malam ya ba da farin ƙyallensa aka naɗe shi, aka haƙa mashi a gindin wani marke kusa da kwalbatin da ya ƙi bari, aka sa lofensa a gefensa. Da suka dawo na kai wa Malam ruwa, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya san ma'anar layin ƙarshen nan. Ya ce bai san bakinsu ba, amma ya ji yadda muryar ta karye a kansa. Ya ce kowane harshe yana da ɗakin da yake ajiye abin da mutum ya so bai samu ba, da a ce, da na yi. Yana jin nan tsohon ya shiga.

Da rafi ya janye maigidana ya dawo cikin motar kamfani da Turawa biyu. Suka tsaya a kan kabarin suka cire huluna, suka ɗauki akwatinsa, suka ce za a zo a kwashe shi a kai shi ƙasarsu. Ba wanda ya zo. Inna ce ta riga kowa ba ɗanta labari, ni ina ɗaki ina jiran abin da zai biyo baya. Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Sannan ya ce in faɗa mashi layin da aka ba ni. Na faɗa. Ya ce shi karatunsa bai kai nan ba. Ya zauna bakin gado ya rufe fuska da hannuwansa masu kaushin dutse, ni kuma na fita na ba shi wuri. Bai bi kamfani ba, bai sake bita a gindin rumbu ba. Maganar bakin rijiya kuwa an yi ta, yadda Inna ta faɗa. Aka sa mani 'Yar Italiya, akwai matan da suka yi shekara ba sa cin tuwona a gidan biki. Ban sunkuyar da kai ba, kuma Innar ce da kanta ta riƙa tare mani faɗa. Kowace damina nakan sa a yanko ƙaya a rufa wa kabarin don awaki, har na tsufa na riƙa zuwa da ƙafata.

Yanzu ƙauyen babu kowa. Waɗanda suka saci jiki suka je ɗebo hatsi sun ce rufin zauren ya rufta, an sare marken, ba a gane inda kabarin yake. Kwalbatin dai yana nan ko tsagewa bai yi ba, ta kansa baburan masu bindiga ke wucewa. Malam da Inna da maigidana duk suna can kwance, ni ce na zo nan ina shan ruwan famfo mai warin magani. Babbar jikata ta ce za ta tambayi wayarta fassarar layin, na ce ta bar shi, an riga an gaya mani.

Daminar bara zazzaɓi ya kayar da ni. Na juya fuska bango, na ƙi kunu, na ƙi maganin asibiti. Ina jin su a kaina suna magana, Hausa ce, amma ta yi mani nisa kamar ta wasu mutane, ɗakin ma ban san shi ba. Ana yayyafi a kan kwano. Sai na ji wata 'yar murya daga bayan labule, ƙaramar nan ce mai cewa ina hira da mutanen ɓoye, ashe ita ma tana da kunne.

Ta ce, "Bebi, Kaka."

Na ɗan jima ban san ko wace ce ni ba, wadda ke bayan zana ko wanda ke kwance a zauren mutane. Sannan na miƙa hannu na karɓi kofin.